Na Bar Shi da Rai a Gindin Goruba

Shekara tara na yi ina aikin gonar dabino a Awali, a zamanin da kuɗin fetur ya fara rushe tsoffin unguwannin Madina. Gonar tana da katangar laka da ta fi ni tsawo, da ƙofar ƙarfe guda ɗaya, da injin ban ruwa mai tari kamar tsohon mashayin taba. Mai gonar, wanda shi ne kafilina, wato mai tsaya mini kan takardar zama a ƙasar, ran Alhamis kaɗai yake zuwa. Ya sauko daga mota, ya zagaya, ya ɗanɗana dabino biyu, ya ce "tayyib", ya koma. Sauran kwanakin daga ni sai wani dattijo ɗan Yaman da ya ɗauki magana asarar yawu. Nakan yi kwana huɗu ban furta kalmar Hausa ba, sai fa in ƙayar dabino ta soke ni a tafin hannu. Nan kam Hausa takan fito, kuma ba irin wadda ake so a ji a garin Manzo ba.

Hausawa ba su yi kaɗan a Madina ba, ni ne dai ban dace da kowa ba. In na zauna da mutanen Kano bayan sallar Juma'a na ce na yi yaƙi, sai su ɗauka yaƙin basasar ƙasarsu nake nufi, in na ce a'a sai hirar ta koma kan farashin rediyo. Mutanen Nijar su yi mini kallon mai ƙarin gishiri. Samarin da aka haifa a nan kuwa, ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabci, suna kallon agogo. Har na gaji na daina ɗauko zancen. Dama ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Mu jikokin waɗanda suka taso Hajji a ƙafa ne, ƙafar ta gaza a hanya. Kakana ya baro ƙasar Haɗeja da niyyar Makka, ya tsaya a bakin kogin Gash, kan iyakar Sudan da Iritiriya, wai zai yi noman damina ɗaya ya sami guzuri. Damina ɗayar nan ita ce har ya mutu. A can aka haifi ubana, a can aka haife ni. Da mutanen Iritiriya suka tashi neman 'yancin kansu, ban shiga daji don na iya bayanin 'yanci ba. Sojojin gwamnati ne suka zo neman 'yan tawaye, ba su same su ba, suka cinna wa rumbunanmu wuta. Ina da shekara ashirin da biyu da zuciya a kusa, sai na bi waɗanda ake nema ɗin.

A ƙungiyarmu mu biyu ne Hausawa. Ɗayan daga wani ƙauye yake, can gaba da namu, ban taɓa ganinsa ba sai a daji. Dogo ne, mai wushirya, da tabo a girar hagu inda jaki ya taɓa harbinsa yana yaro. Surutu gare shi kamar an kunna shi. In mun yi zango sai ya zauna ya dafa mini abinci da baki: ya kwaɓa tuwon dawa, ya kaɗa miyar kuka, ya zuba man shanu, har in ce masa don Allah ya rufa mini asiri haka nan, cikina ba komai sai busasshiyar gurasa. Ya gaya mini uwarsa ta tafi Hajji da ƙanwarsa da mijin ƙanwar, sun zauna a Madina, shi aka bari ya tsare gona. Yakan ce da an gama yaƙi zai je ya ƙarasa tafiyar da kakanninmu suka bari a hanya.

Akwai doka guda da aka fara koya mana tun kafin a koya mana harbi. Mutane sun fi bindigogi yawa, wani lokaci mutum uku ke jiran bindiga ɗaya. Saboda haka duk wanda ya faɗi, bindigarsa ake fara ɗauka. In mutumin zai ɗauku, a ɗauke shi. In ba zai ɗauku ba, bindigar dai ba ta kwana a wurin. Mun ji, mun ce to, kowa yana ganin kan wani dokar za ta faɗa.

Wata safiya muka yi wa motocin soja kwanto a wata busasshiyar korama, ashe sun fi yadda aka gaya mana yawa. Kafin hantsi mu ne ke gudu. Harsashi ya sami abokina a ƙasan cibiya. Na ja shi a kan yashi har gindin wata goruba, na jingina shi. Na ɗaga rigarsa na gani, na mayar na rufe. Tsakaninmu da iyaka tafiyar rabin yini ce a fili fetal, jirgi kuma yana shawagi. Shugabanmu yana daga bakin korama yana yi mini ihu. Na cire salkata na ajiye masa a cinya. Ya riƙe igiyar bindigarsa gam, ni kuma na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Za ka dawo?"

Na ce, "Kafin la'asar."

Da la'asar muna tsallaken iyaka. Wata bakwai ba mu sake taka wannan yankin ba, da muka koma kuma ban nemi gorubar ba. Na ƙara shekara biyar a daji, har lokacin da 'yan yaƙin suka fara juya wa juna bindiga. Nan na ga ba wannan na fito yi ba, na ajiye tawa, na bi jirgin ruwa zuwa Jidda. Ban zo Madina don neman uwarsa ba. Na dai san tana nan, shi ya sa na yi shekara huɗu ina kauce wa duk wani taron suna ko ɗaurin aure na mutanenmu.

Wani direba ɗan Maraɗi, mai ɗaukar alhazai daga filin jirgi, shi ya ja ni walimar suna a unguwar Sihi. Ya ce in ban fita na ga mutane ba wata rana za a zo a tarar na zama dabino. Muna tsakar gida ana cin shinkafa ina ba wani amsa, sai wata murya ta fito daga bayan labulen mata.

"Wane ne wannan mai Hausar Sudan? Ku turo mini shi."

Tsohuwa ce 'yar ƙarama, zaune kan darduma ta miƙe ƙafafu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi garinmu, na faɗa. Ta ce ko na shiga daji, na ce na shiga. Ta yi murmushi, sai ga wushiryar. Na gane uwar abokina ce tun kafin ta ci gaba.

"Ɗan nan, ko ka haɗu da wani yaro dogo, mai tabo a gira nan? Mai surutu. In ka taɓa zama da shi ba za ka manta ba."

Na ce, "Dajin da faɗi, Hajiya. Ban haɗu da shi ba."

Ban shirya ƙaryar ba, da kanta ta fito. Tsohuwar ba ta nuna komai ba, ta saba. Daga baya na ji duk wanda ya fito daga wannan gefen sai ta tare shi da tambayar nan, shekara goma ke nan. Ta ce ba komai, tunda na sha ruwan Gash ni ɗanta ne, in zo ran Juma'a in ci tuwo.

Na ce a raina ba zan je ba. Ran Juma'a sai ga ni a ƙofar gidan.

Gidan ɗaki biyu ne a saman wani shagon kafinta. Tana zaune da 'yarta, da mijin 'yar mai aikin ɗaukar kaya a filin jirgi, da jikoki da ke ce mini "ya ammi", wato baffa, su wuce. Tuwon dawa take tuƙawa da kanta, ba ta yarda 'yar ta taɓa muciya, wai hannunta ya zama na Larabawa. Kuka da daddawa alhazai ke kawo mata, tana ɓoyonsu a gwangwanin madara kamar zinariya. Loma ta farko da na kai baki sai da na sunkuyar da kai, don tuwon da ɗanta ya riƙa dafa mini da baki ne, ba abin da ya rage ko ya ƙara.

Shekara biyu ina zuwa. Na daina ce mata Hajiya, na koma Inna. Nakan kai mata dabinon da ya faɗo, wanda mai gona ya yafe mana, ta tsince shi tana yi mini tsiya wai na ƙi aure don rowa. Ta san ranar da na yi zazzaɓi tun daga yadda na yi sallama. Ta ɗinke mini aljihun riga. A duk faɗin ƙasar nan, nan ne kaɗai in na makara wani zai leƙa taga.

Abu ɗaya ne ke hana ni sakewa. In an gama cin abinci takan ɗaga hannu ta yi addu'a da ƙarfi. Ta jero matattunta, mijinta, iyayenta, 'ya'ya biyu da ta binne suna ƙanana, ta ce Allah ya jiƙansu, mu ce amin. Ta jero masu rai, ta ce Allah ya tsare su, mu ce amin. Sai ta yi shiru hannu a sama. Can ta ce, "Shi kuma na daji, Allah ka san inda yake." Ta shafa.

Wata rana ta yi mini bayani ba tare da na tambaya ba.

"Ka ga, ɗana, ban san layin da zan sa shi ba. In na ce Allah ya jiƙansa, na kashe shi da bakina. In na ce Allah ya dawo da shi, wataƙila yana kwance tun tuni yana jiran sadakata, ko ƙwayar gero ban fitar masa ba. Ba a yi wa mai rai sadakar mamaci. Ko da mummunan labari ne, ni dai in san addu'ar da zan yi."

Na ce, "Allah ya bayyana, Inna." Na sa hannu na karɓi shayi.

Ba zan yi wa kaina ado ba. Kunya tana ciki, amma ba ita ce babba ba. Tsoron rasa Juma'ar nan ne ya rufe mini baki. Na san ranar da na faɗa, ranar zan koma mutumin da ba wanda ke jiransa, daga shi sai injin ban ruwa. Na auna tsohuwa da ke rataye shekara goma sha biyu, na auna kwanon tuwo, kuma duk mako kwanon ke rinjaya. Wanda ya hau dabino da igiya ya san yadda ake kallon sama don kada a ga ƙasa, haka na riƙa yi.

Bayan ƙaramar salla a shekara ta biyu ƙafafunta suka kumbura, ta daina zuwa Harami sai an tura ta a keke. Wata Juma'a na tarar ta yi shiru ba tsiya. Bayan an ci abinci ta ce ta sa surukinta ya kai ta wurin wani malami, ta tambaye shi ko za a yi wa ɗanta aikin Hajji bana, tunda bai samu ya zo ba.

"Ya ce mamaci ake yi wa, ko wanda ciwo ya kayar ba ya tashi. Wanda ba a san halinsa ba, wataƙila yana can da ƙafafunsa, ba a yi masa. Ya ce in samo wanda ya gani." Ta dubi ƙafafunta. "Ni kuwa ba na jin zan ga wata shekarar. Da ya halatta, kai na so ka yi masa, tunda ka yi naka. Kai ka san dajin da ya shiga, ka fi kowa sanin abin da za ka roƙa masa."

 Na yi sallama na fito, na taka da ƙafa tun daga Sihi har Awali cikin rana, ban ma nemi mota ba.

Makon nan muna yankan dabino na ƙarshe. Ina sama da lauje ina sassaƙa labarin da zan ba ta. Na shirya mai kyau: ya cika a hannuna da kalmar shahada, na haƙa masa kabari da wuƙa, na juya shi alƙibla. Da wannan ta sami addu'arta, a yi Hajjin, ni ma wataƙila a bar mini wurin zamana. Na maimaita shi har ya zauna a bakina. Dattijon Yaman ya ga ina magana ni kaɗai a kan itace, ya girgiza kai ya wuce.

Ran Juma'a na shiga, ana shirin kawo abinci, na ce a dakata. Surukin yana nan, 'yar tana bakin ƙofar kicin da kwano a hannu. Na durƙusa gaban tsohuwar yadda na yi ranar farko.

"Inna, na yi miki ƙarya. Na san shi. Shekara biyu muna kwana a bargo ɗaya."

Ba ta motsa ba. Ta dube ni da idanun nan da suka fara yin fari, ta ce, "To. Faɗi."

Labarin da na shirya ya ƙi fitowa. Ban san ko tsoron Allah ne ko idanunta ba. Na gaya mata koramar, da harsashin, da gorubar. Na gaya mata na bar shi da rai, yana magana.

'Yar ta dire kwanon. "Sanatain! Shekara biyu kana shigowa gidan nan kana cin abincinmu, kana jin tana kuka! Haram alaik!"

Tsohuwar ta ɗaga mata hannu, ta juyo gare ni.

"A ina harsashin ya same shi?"

Na nuna a jikina.

"Ka bar masa ruwa?"

"Na bar masa salkata."

"Inuwa fa?"

"Akwai inuwa, Inna. Da safe dai akwai."

"Ka laƙƙana masa kalmar shahada?"

"A'a."

"To me ka yi?"

"Na ɗauki bindigarsa."

Na so in yi mata bayanin dokar, in ce mutum uku ke jiran bindiga ɗaya, in ce jirgi yana sama. Duk gaskiya ne, kuma a daji ba wanda ya zarge ni, har yaba mini aka yi. Amma a ɗakin nan, gaban matar da ta haife shi, na ji bayanin ba zai faɗu ba. 

Ta daɗe tana murza carbi ba tare da ta ja ba. Sannan ta ce, "Kai ka ga irinsa da yawa. Tsakaninka da Allah, mai irin wannan rauni yana tashi?"

"Ba ya tashi, Inna. Ko da likita a kusa da wuya, balle a can. Wallahi ban taɓa ganin wanda ya kai magariba ba."

"Za ka faɗa wa malamin haka?"

"Zan faɗa."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗaga hannuwanta biyu. Bakinta ya buɗe ya rufe sau biyu kafin maganar ta fito.

"Allah ya jiƙansa."

Surukin ya ce amin. 'Yar ta fashe da kuka ta shige ɗaki. Ni ma na ce amin, ban san ko an ji ba. Na yunƙura zan tashi in bar musu gidansu, tsohuwar ta ce in zauna. Ta kira 'yar ta ce ta kawo tuwon. Daga ciki 'yar ta amsa da Larabci cewa wallahi ba za ta sake ba ni ko ruwa ba.

"Kawo, na ce. Yau ba tuwon baƙo ba ne. Sadakar ɗana ce, ta farko, kuma ba a zaɓar wanda zai ci sadaka."

Surukin ne ya tashi ya ɗauko ya ajiye a gabana, ya koma gefe. Ba wanda ya sa hannu tare da ni. Malmala biyu ce da miyar kuka, da man shanu yana narkewa a kai. Sadakar mamaci ba a mayar da ita, kuma tana kallona. Na ci. Kowace loma sai na yi kokawa da ita kafin ta wuce. Ba ta ce mini ɗana ba, ba ta ce in ƙara miya ba yadda ta saba, ta dai zuba mini ido har na sauke kwanon ba komai a ciki. Na san daga ranar babu sauran Juma'a, kuma haka aka yi. Na je wurin malamin na ba da shaida, surukin ya yi Hajjin a shekarar, ita kuma ba ta sake aikowa a kira ni ba har ta rasu.

Amma a ranar, da na wanke hannu, sai bakina ya faɗi abin da kowa ke faɗa in ya ci sadaka, abin da na faɗa sau ɗari a gidajen makoki ban taɓa sauraron kaina ba. Na ce, "Allah ya kai ladan kabarinsa."

Ta dube ni. Ba faɗa a muryarta, tambaya ce kawai.

"Wane kabarin?"